Waken Iya da Gangar Gindin Tsamiya

Akwai wani mutum manomi, auta a ɗakin uwarsa, wanda yake zaune gida ɗaya da wansa. Ubansu ya rasu, wan kuwa shi ya zama mai gandu.

Ga yadda al'adar ƙasarsu take. Gandu shi ne babbar gonar gida, wadda kowa yake ci daga rumbunta. Duk mai ƙarfi a gidan yakan fita gandu da sassafe, ya yi aiki har rana ta gota tsaka, sa'an nan a sallame shi. Yammacin nasa ne. Kowa kuma yana da 'yar gonarsa ta kansa, wadda ake kira gayauna, inda yake shuka abin da ransa yake so, ba mai tuhumarsa. Gandu yakan ciyar da mutum. A gayauna kuwa ake sanin ko shi wane ne.

Uwar mutumin nan ta tsufa, idonta ya tafi. Tana da gayauna a bayan tudu, tana kuma da wani irin wake da ta gada a wurin uwarta, ita ma a wurin tata uwar. Fari ne, manya-manya, da ɗan ja a bakinsa. Yana nuna da wuri a tukunya, ba ya kumbura ciki, ba a kuwa samunsa a kasuwa. Kowace shekara bayan girbi takan ware iri, ta cuɗa shi da toka, ta zuba a gora ta toshe. Amma wake ba ya jimre doguwar ajiya. In damina ta wuce bai shiga ƙasa ba, ƙwari sukan huda shi ya koma gari.

Da ta ga ba za ta ƙara riƙe fartanya ba, sai ta kira autanta, ta ce, "Auta, miƙo hannu." Ta ɗora masa gorar. "Wannan kaɗai ya rage. Na ba ka shi, na ba ka gayaunar. Ban ba wancan ba," gama ba ta kiran sunan ɗanta na fari, "shi gandu ya ishe shi. Kada irin nan ya mutu a hannunka."

Ya ce, "Haba, Iya! A hannuna? Bana sai kin gaji da cin wake. Sai kin ce in kwashe in kai wa maƙwabta."

Ta ce, "Bakinka dai ya riga ya yi girbi. Saura hannun."

Mutumin nan kuwa ba rago ba ne. A ranakun gayya, sa'ad da ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya, shi ne kullum a gaba. Makaɗin noma yakan bi bayan manoma da gangarsa, yana kaɗa wa kowa takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi, domin ƙarfinsu ya ƙaru. Taken Auta shi ne, "Mai karya ƙota! Ciyawa ta gan ka ta kwanta!" Da guminsa ya sami wannan take. In ya ji shi, sai jininsa ya motsa, ya bar sa'o'insa a baya.

Amma a wannan shekara makaɗin ya yi wata dabara. Ya ce a ransa, "Don me zan yi ta bin mutane cikin rana da ƙaya? Ai taken suke so, ba noman ba." Sai ya ɗauki gangarsa ya tare a gindin wata tsamiya, daidai inda hanyar gandu ta haɗu da hanyar bayan tudu. Duk wanda aka sallama daga gandu, ta nan zai bi.

Da lokacin shukar wake ya yi, aka sami ruwa mai kyau. Auta ya taso daga gandu, gorar iri a rataye, sungumi a kafaɗa. Da makaɗi ya hango shi, sai ya saki takensa.

"Mai karya ƙota! Ina zuwa da rana haka, sarkin aiki? Zo ka sha inuwa."

Auta ya ce, "Sauri nake yi. Shuka zan yi tun da sauran laima."

"Wa ya hana ka? Gonar gudu take yi? Zauna ka ji abin da ya faru a ƙauyen gabas, ka tashi. Kyauta ne. Ban ce ka ba ni ko ƙwayar gero ba."

Sai ya zauna a kan saiwa, bai ko sauke gorar ba, tun da yanzu zai tashi.

Makaɗin nan kuwa gwani ne, gwanintarsa kuma ita ce, bai taɓa kai kiɗa ƙarshe ba. Kafin wannan ya ƙare, ya shiga wani. Daga labarin jakin da ya ka da mai unguwa a tsakiyar kasuwa, sai faɗan wasu attajirai a garin da Auta bai taɓa zuwa ba, sai wata cuta da aka ce tana tafe daga arewa. Ya san abin da yake riƙe kowa. Mai son dariya ya ba shi dariya, mai tsoro ya ba shi abin tsoro, masu son gardama ya haɗa su ya koma gefe. In ya ga mutum ya kama ƙota zai miƙe, sai ya saki takensa, jama'a su ɗauki ihu da tafi, mutumin ya koma ya zauna yana murmushi.

Da Auta ya ɗaga kai, rana ta yi ja. Ya ce, "Gobe."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Ƙasa ta fara bushewa. Wata rana da magariba ta kusa, ya tashi a guje, ya sassari ramuka ko ta ina, ya zazzage gorar duka, wani a rami, wani a bisa ƙasa, bai ko tsaya ya taka ramukan ba. Zabin daji suka tsince nasu rabo. Abin da ya rage ya tsiro, ciyawa kuma ta tsiro tare da shi.

Kowace yamma tsohuwar takan tambaye shi, "Auta, ya tsiro?"

"Ya tsiro, Iya."

"Ka yi masa noman fari?"

"Gobe, Iya."

Da tambayar ta ishe shi, sai ya husata. Amma bai husata da tsamiya ba. Wurin wansa ya tafi, ya ce, "Yaya, gandun nan ya cinye ni! Mutum ya fita tun da asuba, ya dawo jiki duk ya mutu, yaushe zai yi nasa? Mu bayi ne?"

Wan ya dube shi, ya ce, "Lokacin da nake sallamarka, a lokacin nake sallamar kowa. A lokacin kuma Baba yake sallamar Iya, ta kuwa riƙe gayaunar nan da kai a goye a bayanta. Amma ba zan yi gardama da kai ba. Daga yau na ɗauke maka kwana biyu a mako. Je ka yi waken."

Auta ya yi murna ƙwarai. Ya wasa fartanya, ya fita da sassafe, ya ce yau sai ya ga ƙarshen ciyawar nan. Ga shi kuwa, makaɗi yana gindin tsamiya tun kafin rana ta fito. Wanda a dā yake ba tsamiya yammacinsa, yanzu ya ba ta yini. Wurin ma ya zama kasuwa: mai tsire ya kafa, mai goro ya kafa, ga mai huluna, ga mai maganin ciwon baya yana sayar wa mutanen da ba su sunkuya ba.

Da damina ta yi nisa, tsohuwar ta ce, "Yanzu ya isa fure. Kai ni in taɓa shi. Ban sani ba ko zan ga wata damina."

Ya ce, "Iya, hanyar duk laka ce. Ga rana."

"Hanyar da na bi tun ba a haife ka ba? Ɗaura wa jaki akumari."

Wan ya ce, "Kai ta."

Ba makawa, ya ɗora ta a kan jaki, ya ja. Da suka iso gindin tsamiya, makaɗi ya narka takensa kamar gangar za ta fashe. "Mai karya ƙota! Ciyawa ta gan ka ta kwanta!" Jama'a suka ɗauka. Tsohuwar ta washe baki a bisa jaki, ta ce, "Kai, Auta! Haka ake kaɗa maka? Ko ubanka ba a yi masa haka ba. Lalle waken nan ya sha noma."

Wani daga cikin mazauna ya ɗaga murya, "Auta, yau ba za ka zauna ba? Ga wurinka mun ajiye maka, saiwar har ta yi santsi!"

Ta ce, "Wurin me?"

"Wasa suke yi, Iya." Ya ja jakin da sauri.

Da suka isa, ya sauke ta. Ta ce, "Ina gonar? Har yanzu a jeji muke."

"Mun shigo, Iya."

Sa'an nan ta durƙusa, ta miƙa hannu. Ƙarangiya ta kama mata zane, ta manne mata a yatsu. Ciyawa ta kere kanta. Ta ja gwiwa gaba, tana buɗe ciyawar da hannu biyu, tana lalube. Daga can nesa ana jin gangar tana tashi.

"Auta."

"Na'am, Iya."

"Taken nan da na ji a hanya, na wane ne?"

"Nawa ne, Iya."

"A wace gona ka yi noman?"

Ya buɗe baki, ya ce, "Iya, gandu ne…"

Ta ce, "Kul! Kada ka ɗora wa gandu. Ni ma na yi gandu. Gandu yana gajiyar da mutum, amma yana sallamarsa. Wa ya riƙe ka bayan an sallame ka?"

Ita kuwa ta ci gaba da lalube, har hannunta ya taɓa wani siririn yaɗo da ya naɗe karan ciyawa yana neman rana. Ta murza ganyen, ta shinshina. Ta sami wani a gaba, da wani.

Ta ce, "Ga shi. Bai mutu duka ba. Yana nan yana jiranka, abin tausayi. Ba za a ci wake bana ba. Amma in ka tsaya masa, za a sami iri." Da ta ji ya ɗaga fartanya, ta ce, "Ajiye! Saiwarsa ta sarƙe da ta ciyawa, za ka sare shi. Da hannu za ka cire, a durƙushe."

Haka mai karya ƙota ya durƙusa kusa da uwarsa makauniya, yana cire ciyawa ɗaya bayan ɗaya, ba ganga, ba tafi.

Kashegari ya tafi gindin tsamiya cike da fushi, ya ce wa makaɗi, "Kai ka kashe mini gona!"

Makaɗi ya ce, "Ni? Na ɗaure ka? Na karɓi wani abu a hannunka?"

"To, me kake samu da kiɗan nan da ba ya ƙarewa?"

Makaɗi ya yi dariya, ya nuna masu kasa kaya da sandar kiɗansa. "Waɗannan suke cika mini rumbu. Yadda na tara mutane da yawa, yadda kuma suka daɗe a zaune, haka suke auna mini hatsi. Kana tsammani kai baƙona ne? Kai ne hajata."

Auta ya duba ko'ina, ya ce, "Ina mutanen gidanka? Ban taɓa ganin ko ɗaya a nan ba."

"Suna gona mana! Can bayan dutse na sama musu, inda ganga ba ta kaiwa. Ni mahaukaci ne?"

Auta ya juya zai tafi, zuciyarsa tana tafasa. Sai makaɗi ya saki takensa a hankali. Ga shi kuwa, duk da fushin nan, ƙafarsa ta tsaya. A nan ya gane cewa muddin ta wannan hanya yake bi, ba zai taɓa isa gonar ba.

Sai ya ɗauki gatari ya sari wata hanya ta cikin ƙaya, wadda ta kewaye tsamiyar daga nesa. Ta fi tsawo, ta fi wuya. Abokan zamansa suka yi ta yi masa ba'a, "Auta yana tsoron ganga!" Ya ce, "I, ina tsoronta."

Da kaka ta yi, waken da ya samu bai kai rabin gora ba. Tsohuwar ta cuɗa shi da toka da hannunta, ta toshe. Ba a dafa ko ƙwaya ba. Irin ya rayu, amma ita ta rasu da rani, ba ta ƙara ɗanɗana waken uwarta ba.

Ma'anar wannan misali ita ce.

Gandu shi ne aikin da muke ci daga gare shi: ofis, makaranta, asibiti, shago, tuƙi. Ba abin zargi ba ne, Allah ne ya ba mu shi. Gayauna ita ce sa'o'in da suka rage mana bayan an tashi. Ba su da yawa, ba su kuwa taɓa yin yawa ba, ko a zamanin iyayenmu. Waken nan shi ne abin da Ubangiji ya danƙa a hannunka kai kaɗai, wanda ba a samunsa a kasuwa: zamanka a gabansa cikin addu'a, 'ya'yan da suke girma a ɗakinka, harshen iyayenka da ba su iya ba, waƙoƙin sujada da suke cikin kan tsohuwarku kaɗai, karatun da kika ajiye da niyyar komawa, keken ɗinkin da ya zama wurin jibge wanki. Duk waɗannan kamar wake suke. Ba sa jimre ajiya. Yaro ba ya dakata da girma don babansa yana da uzuri. Tsoho ba ya ɗage mutuwa sai an sami hutu.

Gangar kuwa, kowa ya san ta. Tana cikin aljihunka ko jakarki yanzu haka, wataƙila ma ta motsa tun da muka fara.

Ku lura, ba a ƙera gangar noma don mugunta ba. Sa'ad da take bin manomi a baya, taimako ce. Waya ma haka. Da ita ake kiran likita, da ita ake gai da na nesa, da ita da yawa suke cin abinci. Ɓarnar ta fara ne ranar da gangar ta bar bin manomi, ta zauna ta tare masa hanya. Namu ma ya fi na Auta muni. Makaɗinsa a gindin tsamiya ya tsaya. Namu mun ɗauko shi mun kawo gida, muna ba shi caji kafin mu ba yara abinci, mun kwantar da shi kusa da matashin kai. Shi ne fuskar farko da muke gani da safe, tun kafin mu ce wa Mahaliccinmu mun gode.

Kada kuma wani ya ce kyauta ne. Mutane masu ilimi sun zauna sun yi nazarin yadda za a sa bidiyo ya bi bidiyo ba tsayawa, yadda za a gane abin da yake ba ka dariya ko haushi a yi ta turo maka shi, domin daɗewarka a kai ita ce ribarsu a wurin masu talla. Wannan abin fushi ne, ya kuwa kamata mu yi fushi. Ana sayar da yammacinka, kai kake sayen data, sa'an nan kana godiya.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne taken. Auta da guminsa ya sami takensa tun farko. Daga baya sai ya tarar ana iya jin daɗin taken ba tare da noman ba, wannan ne ya kashe gonar. Mu ma haka. A turo roƙon addu'a a guruf na waya, mutum ya rubuta "Amin" ya wuce zuwa bidiyon rawa, zuciyarsa ta gaya masa ya yi addu'a. Bai yi ba. Mace ta ɗauki hoton iyali sanye da kaya iri ɗaya, ta ɗora a waya, a yi ta sa albarka, alhali a gidan kowa yana cin tuwo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, ba mai ce wa wani uffan. Na taɓa ganin wata tsohuwa a gadon asibiti, ɗanta yana zaune a gefenta. Ya ɗauke ta hoto ya tura, ya ce a taya shi addu'a. Saƙonni suka yi ta shigowa, ana ce masa ɗa na gari. Ita kuwa tana cewa, "Ba ni ruwa." Yana cewa, "To, Mama, ina zuwa," kansa bai ɗago ba. Matar da take jinyar wani a gadon gefe ce ta tashi ta ba ta. Ana kaɗa masa taken ɗa na gari, uwarsa tana jin ƙishi a gabansa. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Zunubi ne, a kira shi da sunansa.

Akwai kuma ƙaryar da muke yi wa kanmu, irin wadda Auta ya kai wa wansa. "Aiki ne ya yi mini yawa. In na sami hutu zan yi." Hutu nawa ya zo ya wuce? An yi hutun ƙarshen shekara, an yi yajin aiki, waɗansu har sun yi ritaya. Ina waken? Wanda bai sake hanya ba, ko an ninka masa lokaci, tsamiya zai kai wa.

Ba na musun cewa akwai waɗanda gandu ya danne da gaske. Akwai matar da take tashi daga aiki ta shiga girki, daga girki ta shiga wanki. Akwai shugabannin aiki da ba su san sallama ba, suna bin ma'aikaci da saƙo har cikin ɗakinsa, har ranar Lahadi. In akwai irinsu a cikinmu, ku ji: mai gandun misalin nan yana sallamar mutanensa. Wanda ya mai da waya igiyar da yake jan na ƙasa da shi da ita, Allah zai tambaye shi gayaunar da ya hana a nome. Maza kuma, matanku ma suna da wake a gora. Ku ɗauke musu wani abu. Amma yawancinmu an sallame mu sarai, mu muka tsaya a hanya.

To, me za a yi? Abin da Auta ya yi. Bai ce, "Daga yau zan wuce ta gindin tsamiya in toshe kunne" ba. Ya gwada ƙarfin zuciyarsa ya ga iyakarta. Hanya ya sake. Wanda ya san waya tana kama shi, kada ya zauna da ita a hannu yana roƙon Allah ya ba shi ƙarfi. Ya kai ta wani ɗaki. Ta kwana a falo. Kada ta zo wurin cin abinci, kada ta zo wurin addu'a. In an dawo daga aiki, a fara da gayauna tun da sauran ƙarfi, kada a ce sai an ɗan duba saƙo tukuna, gama a nan ake zama a kan saiwa da gora a rataye. Kada kuma a ɗebo abubuwa goma. Abu ɗaya, wanda ka san in ya mutu a hannunka ya mutu ke nan. Za a yi maka ba'a, za a ce ka cika tsanani, za a ce ba a samunka. Ka amsa kamar yadda Auta ya amsa, ba kunya: i, ina tsoronta.

Aikin kuwa ba zai yi armashi ba. A durƙushe ake yinsa, da hannu, ba mai kallo. Zama da yaro yana haɗa baƙaƙe yana kuskure. Sauraron tsoho yana maimaita labarin da ka riga ka ji. Yin shiru a gaban Allah, tunani yana gudu kana dawo da shi. Ba wanda zai tafa maka. A nan dai waken yake.

Allah mai jinƙai ne, shi ya sa tsohuwar ta sami sauran yaɗo a ƙarƙashin ciyawa. Ina da tabbacin akwai irinsa a gonar kowannenmu, siriri, yana neman rana. Amma kada mu mai da jinƙai abin wasa. Irin ya rayu, Iya kuwa ba ta ci ba. Auta ya yi shekaru yana girbe waken nan, kowace tukunya kuma tana tuna masa da wadda bai dafa mata ba. Akwai abin da tuba yakan maido, akwai abin da ya riga ya wuce.

Rana tana zuwa da za a tsaya a gaban Wanda ba a ruɗinsa da ganga. Ba zai duba yawan masu yabonka ba. Hannu zai sa cikin ciyawa ya laluba, sa'an nan ya yi maka tambayar tsohuwar nan: taken da ake kaɗa maka, a wace gona ka yi noman?

In wannan misali ya iske ka a waya, kada ka rubuta "Amin" a ƙarƙashinsa, kada ka tura wa kowa. Kife ta, ka tashi. Akwai mai jiranka a ɗaki na gaba.